Likita ta ce "infus", ni kuma na koma ɗaki ina jiran jiƙo

A watana na bakwai a Yogyakarta zazzaɓi ya kayar da ni, kuma kalma ɗaya da na yi wa gurguwar fahimta ta sa na kwana a ɗakina a daren da ya kamata a ce ina kan gadon asibiti. Saboda 'yan uwa masu zuwa Indunusiya karatu nake wannan rubutu, ko da tallafin gwamnatin ƙasar suka zo ko da kuɗin iyayensu. A ajin koyon harshe mun iya cinikin kasuwa da tambayar hanya, amma ciwo ya riga mu isa darasin asibiti.

Watan Fabrairu ne, tsakiyar daminarsu, ruwa kusan kullum da la'asar. Ranar Asabar da daddare jikina ya ɗau zafi farat ɗaya, kai kamar zai tsage, bayan idanuna na ciwo, gaɓoɓi kuwa kamar an yi mini duka da taɓarya. Kamar kowane ɗan arewa, abin da na kawo a raina maleriya ce, na buɗe jaka na ɗauko maganin da na taho da shi daga gida na fara sha. Lahadi da Litinin babu sauƙi. Matar da ke da gidan hayar da muke, wadda kowa ke kira Ibu, ita ta lura ban fito sallar asuba a masallacin unguwa ba kwana biyu. Ta riƙa aiko mini da wedang, wani abin sha mai zafi na citta da kanumfari da itacen secang mai mai da ruwa ja. Wannan ya taimaka wajen rikita ni daga baya, domin a kwanakin nan duk maganin da nake gani a ƙasar na ganye ne da saiwa, ga masu tallan jamu, maganin gargajiyarsu na sha, suna wucewa ta ƙofar gida kowace safiya.

Ranar Talata da safe Ibu ta ce, "Mas, yau kam sai puskesmas." Mas lakabi ne na girmamawa da suke kiran namiji da shi. Puskesmas kuwa shi ne ƙaramin asibitin gwamnati na gunduma, irin asibitin sha-ka-tafi na gida amma da likita da ɗakin gwajin jini. Ɗanta ya goya ni a babur muka isa wajen bakwai da rabi. Da shigarka za ka ciri lambar layi, sannan ka jira a kira ka wurin rajista. Sun nemi katin ɗan ƙasa, na ba su fasfo da katin izinin zama da ake kira KITAS. Suka tambaye ni ko ina da BPJS, wato inshorar lafiya ta ƙasa da aka fara a 2014, na ce babu, tawa ta wani kamfani ce da makaranta ta yi mana. Sai aka rubuta ni a matsayin pasien umum, mai biya daga aljihu. Kuɗin kati bai kai rupiya dubu 20 ba, na gwajin jini aka biya daban. Na yi sama da awa guda a kan benci kafin a auna mini zafin jiki da hawan jini, na ga likita, ta tura ni gwaji, na sake jiran wata awar kafin sakamako ya fito.

Likitar matashiya ce, tana jin Turanci daidai gwargwado, ni kuma Indunusiyancina bai wuce na yau da gobe ba, don haka muka riƙa gauraya harsunan biyu. Ta tambaye ni yaushe na baro Najeriya da ko na je yankin Papua na gabashin ƙasar, domin a tsibirin Jawa, inda Yogyakarta take, maleriya ta yi ƙaranci sosai. Da ta duba takardar sai ta ce DBD take zargi, wato zazzaɓin dengi, wanda sauron Aedes mai cizo da rana ke yaɗawa. Ta nuna mini layin trombosit, ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare: a lafiyayyen mutum daga dubu 150 zuwa dubu 450 suke, nawa sun sauko dubu 98. Ta hana ni shan ibuprofen da asfirin saboda suna iya jawo zubar jini, ta ce farasitamol kawai. Sannan ta faɗi jumlar da har yau ina jin ta a kunnena: "Harus diinfus, Mas. You need infusion."

A nan na ɓata. Kalmar infusion na san ta a wuri biyu kacal. Na farko a jikin kwalin shayin ganye, inda ake rubuta herbal infusion, wato ganye ko fure da aka zuba wa ruwan zafi aka bar shi ya jiƙa, kamar yadda ake yi wa zoɓo ko na'a-na'a. Na biyu a karatuna na tattalin arziki, inda capital infusion ke nufin zuba sabon jari a kamfani ko bankin da ya fara tangal-tangal. A gida kuwa ban taɓa jin wani ya ce an yi wa mara lafiya infusion ba. Ƙarin ruwa muke cewa, masu son sa Turanci su ce drip. Da na haɗa wannan da abin da Ibu ke ba ni, da kuma yadda likitar ta nanata cewa in yawaita shan ruwa, sai na yanke cewa wani jiƙo take nufi da zan samu a kantin magani. Na gyaɗa kai na ce na gane. Ta ba ni ambulan mai ɗauke da surat rujukan, takardar turawa babban asibiti, ni kuwa na ɗauka ta komawa ce idan abin ya ƙi. Ɗan Ibu yana waje bai ji abin da aka ce ba, na ce masa mu tafi gida.

Abin da ya ƙara yaudarata shi ne washegari da asuba zafin jikin ya sauka. Na yi hamdala, na ce sauƙi ya samu. Ban san cewa a dengi lokacin da zazzaɓi ya sauka, tsakanin kwana na uku da na bakwai, shi ne mafi haɗari ba, domin a lokacin ne ruwan jini ke tsiyayewa daga jijiyoyi, jinin ya yi kauri. Su 'yan ƙasar har suna suka ba wannan hawa da sauka, pelana kuda, wato sirdin doki. Da hantsi na tashi zan yi alwala jiri ya kwashe ni, cikina na murɗa, duk abin da na sha sai ya dawo, da na goge baki na ga jini a dasashi. Ibu ta shigo, ta ga ambulan a kan tebur, ta buɗe ta karanta. Ta dafe ƙirji ta ce, "Ya Allah, Mas, tun jiya aka ce a kai ka asibiti a sa maka infus!" Ta miƙa hannunta na hagu ta nuna bayan tafin da yatsa, ta ɗaga ɗaya hannun sama kamar mai riƙe da leda. Sai a lokacin na gane ƙarin ruwa ake nufi.

Muka kira motar haya ta manhajar Grab zuwa sashen gaggawa na wani babban asibiti. IGD ake rubutawa a ƙofar, wasu asibitocin UGD, kuma shi ne wurin da za ka nufa kai tsaye ko da tsakar dare ne. Tun a bakin ƙofa nas ta duba ni ta sa ni a rukunin ruwan ɗorawa, domin suna raba marasa lafiya ja da ruwan ɗorawa da kore gwargwadon tsananin halin da suke ciki. Ba a yi minti 20 ba aka kwantar da ni, aka ɗebi jini, aka soka mini kanula a bayan hannun hagu, aka rataye leda. Da na ɗaga kai na ga ledar nan da ɗigonta sai hawaye ya zo mini, domin ita ce dai wadda na sha gani a rataye a kan 'yan uwa a asibitocin gida, ba wani baƙon abu ba. A jikinta an rubuta RL, wato Ringer Laktat, mililita 500. Sakamakon ya fito trombosit sun koma dubu 61, jinin kuma ya yi kauri. Likitan ya ce rawat inap, Ibu ta fassara mini da kalmar da tsofaffi suka fi amfani da ita, opname. Duka biyun ma'anarsu an ba ka gado. Kishiyarsu rawat jalan, a duba ka ka koma gida.

Ina kwance aka yi ta zirga-zirgar takardu, kuma a nan ne za ka san amfanin zuwa da mutum. Ofishin rajista ya nemi fasfo, KITAS, katin ɗalibi, katin inshora, takardar turawa da sakamakon gwajin jiya, kowanne da kwafinsa. Suna kuma buƙatar penanggung jawab, wanda zai sa hannu cewa shi ke tsaya maka. Ibu ta sa hannu, Allah ya saka mata da alheri. Inshorata ba ta da yarjejeniyar biya kai tsaye da asibitin, don haka aka ce in biya da kaina daga baya in nemi a mayar mini. Aka ce in zaɓi ɗaki: akwai aji na 3, na 2, na 1 da na manya. Na zaɓi na 2. Aka ɗaura mini shuɗin awarwaron roba mai sunana, domin shuɗi na maza ne, ruwan hoda na mata. Gado bai samu ba sai bayan magariba, kusan awa shida ina sashen gaggawa.

Ruɗani na biyu a daren nan ya zo. A gadon da ke kusa da nawa akwai wani dattijo da nasa ciwon ya fi nawa tsanani, na ji iyalinsa suna ta maganar transfusi da zuwa PMI, ƙungiyar agaji ta ƙasar da ke kula da bankin jini. Can sai aka kawo mini takardar amincewa in sa hannu, na ga kalmomi masu kama da juna, kaina kuma ba daidai yake ba, sai na ɗauka ni ma jini za a ƙara mini. Na kira yayana a Katsina, lokacin can la'asar ce tunda awa shida ke tsakaninmu, na ce masa, "Yaya, jini za su ƙara mini." Kafin a jima magana ta kai kunnen Hajiya, gida ya rikice da kuka. Da nas ta dawo na tambaye ta a hankali, kalma bayan kalma. Ta ce, "Bukan transfusi, Mas, cuma infus," wato ba ƙarin jini ba ne, ƙarin ruwa ne kawai. Ta bayyana mini cewa saukar trombosit kaɗai ba ta sa a ƙara wa mutum jini, sai in akwai zubar jini mai yawa ko wani dalili da likita ya gani. Na sake kiran gida. Tambayar farko da Hajiya ta yi mini bayan ta natsu ita ce, "Leda nawa suka sa maka?" Na ce ta biyu ce a rataye. Ta ce, "To Alhamdulillahi, Allah ya ƙara sauƙi."

Kwana biyar na yi a gadon nan, kuma a cikinsu na koyi kalmar infus ta kowace fuska, domin ba ta fita daga bakin nas-nas. Pasang infus shi ne sa ƙarin ruwa. Diinfus, an sa wa mutum. Cairan infus ruwan da ke cikin ledar, tiang infus ƙarfen da ake rataye ta, wanda za ka riƙa turawa har banɗaki. In ledar ta kusa ƙarewa ka danna ƙararrawa ka ce infusnya habis. In ɗigon ya tsaya ka ce infusnya macet, kalmar da suke kiran cunkoson motoci da ita. Ranar sallama za ka ji sun ce aff infus, cirewa ke nan. Matar dattijon nan kuwa impus take cewa, kamar yadda namu bakin yake yi da fa da pa. A jikin ledar nas kan rubuta lamba da tpm, wato ɗigo nawa a minti. Da irin igiyar da aka sa mini ɗigo 20 ke yin mililita ɗaya, saboda haka in aka rubuta 30 tpm, ledar 500 za ta ɗauki kimanin awa biyar da rabi. Da na gane wannan lissafin sai na daina fargabar ta ƙare ina barci, na riƙa saita ƙararrawar waya. Ranar farko na ɗaga hannun sama da yawa jini ya biyo igiyar, hankalina ya tashi, nas ta ce ba komai, in riƙa barin hannun ƙasa da ledar. Kada ka taɓa ɗan maƙunnin da ke daidaita gudun ruwan don ya yi sauri, domin a dengi ruwan da ya wuce kima shi ma illa ne, yana iya taruwa a huhu. Sallah a zaune na yi ta, da taimama a kwanaki biyun farko.

Kowace asuba sai an ɗebi jini. Trombosit dubu 61 ranar da aka kwantar da ni, sai 44, sai 39, ranar da na fi jin tsoro ke nan, sannan 58, sannan 92. 'Yan ajinmu suka riƙa zuwa da ruwan jar gwaiba, wanda kusan duk ɗan Indunusiya zai ce maka yana ɗaga trombosit. Na tambayi likita, ya ce in sha, ruwa ne kuma zai taimaka wa jiki, amma kada in ɗauke shi a madadin abin da ke rataye.

Cikin masu zuwa dubiyar akwai wani ɗan Sakkwato da ke digiri na biyu a fannin haɗa magunguna, shi ya warware mini asalin rikicin. Da na ba shi labari ya ce, "Malam, ai ba kai kaɗai ba ne, kalmar ce mai ƙofa da yawa." Asalinta daga harshen Latin ne, infundere, zuba abu a cikin wani abu. Turanci ya riƙe ta da faɗinta: a zuba ruwa a kan ganye infusion ne, a zuba ruwa a jijiya infusion ne, a zuba kuɗi a kamfani ma haka, har a ce an zuba wa ƙungiya sabon jini da ita. Indunusiya kuwa ba daga Turanci ta samo tata ba, daga mutanen Holan da suka mulke ta ne, waɗanda ke cewa infuus, kamar yadda opname ma daga wurinsu take. Da ta shigo sai ta tsaya a asibiti ba ta fita ba. In ɗan Indunusiya ya ce infus, leda da igiya da allura yake nufi, ba wani abu ba. Shi ya sa likitar nan da ta juya kalmarta zuwa Turanci ta ce infusion, a wurinta magana ta fito sarai, kuma ba ta yi kuskure ba, haka yake a littattafan likitanci. Ni ne na shiga ta wata ƙofar.

Sauran ma'anonin kowacce da kalmarta daban. Jiƙa shayi ko ganye da ruwan zafi menyeduh ne, abin da aka jiƙa seduhan. Wanda aka tafasa a tukunya, irin yadda ake dafa saiwa a gida, rebusan. Masu haɗa magunguna suna da infusa, da wasalin a a ƙarshe, kuma ya ce a kundin magungunan ƙasar an ƙayyade ta: a ɗumama ganyen cikin ruwa a zafin digiri 90 na minti 15, in aka kai minti 30 ya zama dekokta. Ruwan sanyi da ake yanka lemun tsami ko kokwamba a ciki, wanda ake sayarwa a shagunan shan kofi, shi da Turancinsa suke kiransa, infused water. A fannina kuwa, abin da Turanci ke kira capital infusion su suntikan modal ko suntikan dana suke cewa, wato allurar jari. Na daɗe ina karanta wannan a jaridunsu ban taɓa haɗa shi da waccan ba.

Abin da zan roƙi duk wanda ya samu kansa a gaban likita a ƙasar da harshe bai gama zama masa ba shi ne kada ya gyaɗa kai don kunya. Ka maimaita wa likita abin da ka fahimta da kalmominka, ka tambaya ƙarara: sha zan yi ko a jijiya za a sa, yau ko gobe, a gida ko a asibiti? Da na yi tambaya ɗaya daga cikin waɗannan da ban kwana a ɗaki ba. Manhajar fassara ta waya ba za ta fitar da kai ba a nan, domin in ka rubuta infus abin da za ta ba ka shi ne infusion, ka koma inda ka fito. Duk takardar da aka ba ka a ambulan ka sa wani ya karanta maka kafin ka bar harabar wurin. Kuma zazzaɓin da ya kama ka a Jawa da damina kada ka yanke masa hukuncin maleriya da kanka.

Ranar sallama likita ya zagayo da ƙarfe tara ya ce boleh pulang, an yarda in tafi, tunda na kwana biyu babu zazzaɓi, ina cin abinci, trombosit kuma suna hawa. Amma daga wannan magana zuwa fita ƙofa sai da aka yi awa huɗu, ana jiran kantin magani da ofishin kuɗi su haɗa lissafi. Kuɗin ya kama rupiya miliyan huɗu da 'yan kai, na biya da kati. Kada ka tafi sai ka karɓi kuitansi, wato rasit na asali mai hatimi, da rincian biaya mai jero kowane abu da farashinsa, da kwafin duk gwaje-gwaje, da surat kontrol ta komawa ganin likita, da takardar shaidar kwanciya da za ka kai makaranta. Taƙaitaccen rahoton likita, resume medis, wanda inshora ba ta biya sai da shi, ba a ba ni a ranar ba. Na cike fom a ofishin ajiyar bayanan marasa lafiya, na koma bayan kwana uku na aiki na karɓa, ranar da na je a sake duba jinina.

Fom ɗin neman mayar da kuɗi yana da shafin da likita zai cike ya sa hannu, don haka ka tafi da shi ranar komawar, kada ka yi sawu biyu kamar yadda na yi. An kuma nemi in manna meterai, kan sarki na rupiya dubu 10 da ake samu a gidan waya da ƙananan kantuna, in sa hannu a kansa. Kafin in miƙa na zauna na bi lissafin layi-layi, yanzu da na san kalmomin: infus set ɗaya, kanula biyu saboda an canza mini hannu a kwana na uku, kuɗin pasang infus, sai cairan RL guda 14. Na duba ɗan littafin da na riƙa yin alama a ciki duk lokacin da aka canza leda, domin Hajiya kullum sai ta tambaya, na ga 14 ne cif. Bayan mako biyar kuɗin suka shigo asusuna, ban da na puskesmas, wanda rasit ɗinsa ya ɓace mini tun ranar da na koma ɗaki da ambulan a hannu.